Digirin jinya, kwalejin jinya, ko Jega da Tsafe: wace hanya za ki bi?

Da zarar sakamakon WAEC ko NECO ya fito, a gidaje da yawa daga Argungu zuwa Zuru, daga Talata Mafara zuwa Ƙauran Namoda, magana ɗaya ake yi: yarinya tana son aikin asibiti, ina za a kai ta? Kawu zai ce a sayi fom ɗin kwalejin lafiya ta Jega, ai ɗiyarsa can ta yi, ga ta nan tana aiki. Yayan da ke jami'a zai ce in ba digiri ba ɓata lokaci ne. Maƙwabciya kuma ta zo da labarin wani asibitin kuɗi da ke koya wa yara allura cikin shekara ɗaya, har da farin kaya. Dukansu "nas" suke cewa, amma hanyoyin ba wuri ɗaya suke kaiwa ba, kuma wadda ta shiga ba daidai ba sai ta ci shekara uku kafin ta gane.

Da "ke" zan yi magana, don mata sun fi yawa a wannan layi, amma namijin da ke son aikin ya sa kansa a ciki. Uban da zai biya kuɗin ma ya karanta, domin rabin shawarar tasa ce.

Abin da ake nema a ƙarshe

Abin da shekarunki da kuɗin gidanku za su sayo miki lasisi ne. A Najeriya hukuma ɗaya ce ke da ikon cewa wance nas ce ko ungozoma ce, wato Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Ƙasa, NMCN. Ita ke amincewa da makaranta, ita ke ƙayyade yawan ɗaliban da za a ɗauka, ita ke shirya jarrabawar ƙarshe, ita ke yin rajista. Wadda ta ci jarrabawar jinya ta zama RN, ta ungozoma RM, ta jinyar lafiyar jama'a RPHN.

Tsarin ba jiya aka fara shi ba. Florence Nightingale ta buɗe makarantarta a asibitin St Thomas da ke Landan a 1860, bayan ta dawo daga yaƙin Kirimiya, kuma salonta na koyon aiki a gefen gadon marar lafiya shi Turawan mulki da 'yan mishan suka kawo mana. An kafa hukumar ungozoma a 1930, majalisar jinya a 1947, aka haɗe su wuri ɗaya da dokar soja mai lamba 89 a 1979. Makarantar jinya ta asibitin koyarwa na Ibadan ta fara a 1952, Jami'ar Ibadan kuma ta buɗe sashen digirin jinya a 1965, shekarar da Kofoworola Pratt, wadda ta yi karatu a makarantar Nightingale ɗin, ta zama 'yar ƙasa ta farko da ta shugabanci ma'aikatan jinya na tarayya. Daga nan hanya ta rabu biyu, ta asibiti da ta jami'a, kuma rabuwar nan ce ke ruɗa iyaye har yau. Ta Jega da Tsafe kuwa tushenta daban ne gaba ɗaya.

Ma'aunin

Da abu biyar zan auna kowace hanya. Na farko, wace takarda za ki riƙe, kuma wace hukuma ce ta san da ita. Na biyu, shekara nawa da kuɗi nawa. Ba kuɗin rajista kaɗai ba, har da ɗakin kwana, abinci, kayan sawa, kuɗin mota zuwa asibitocin da za a tura ki, da kuɗin jarrabawar majalisa. Kuɗin makaranta yana sauyawa kusan kowace shekara, don haka kwatanci zan yi tsakanin hanyoyin, adadin na bana kuwa a ofishin makarantar za ki ji shi. Na uku, wuyar shiga. Na huɗu, ƙarkon takardar: bayan shekara goma sha biyar tana ɗaga ki ko ta tsaya da ke? Na biyar, haɗari, kuma a yankinmu wannan ya haɗa da hanyar da za ki riƙa bi da ɗakin da za ki riƙa kwana.

Ƙofar farko ɗaya ce ga jinya da ungozoma: kiredit biyar a Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji, a zama bai wuce biyu ba. Wadda ba ta da su ta tsallaka ƙarshen rubutun nan, akwai maganarta.

Digiri a jami'a

Shekara biyar ne a takarda. A ta farko kimiyyar sakandare ake zurfafawa, a ta biyu a shiga ilimin sassan jiki da yadda suke aiki, daga nan a fara shiga asibiti. A shekaru biyun ƙarshe ɗaliba ke zana jarrabawar majalisa, ta fita da digirin BNSc da RN, sau da yawa har da RM ko RPHN. Sai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, wadda ake biya, sai ta bautar ƙasa. Bakwai ke nan, in komai ya tafi daidai. To ba kullum yake tafiya daidai ba. Yajin aikin ASUU na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, na 2020 ma ya fi shi tsawo. Gurbin sanin makamar aikin shi ma ba jiran ki yake ba. Akwai masu zaman gida watanni suna nema.

Kusa da mu akwai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da asibitin koyarwarta, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi. Gaba kaɗan akwai Ahmadu Bello a Zariya da Bayero a Kano. Shiga ita ce matsalar. Duk wanda ya nemi likitanci bai samu ba kan jinya yake faɗowa, don haka makin JAMB da ake yankewa yana sama. Akwai shawarar da ake yawan ba yara wadda ban yarda da ita ba: wai ki karɓi gurbin bayoloji ko kemistiri, in kin shiga aji biyu sai ki sauya. Sashen jinya ba shi da ikon ƙara kujera yadda ya ga dama, tunda majalisa ta riga ta yanke masa adadi. Da yawa da suka shiga da wannan niyya da digirin da ba su so suka fita.

A jami'ar gwamnati kuɗin rajista ya tashi sosai tun 2023, kuma kwasa-kwasan lafiya sun fi sauran tsada. Sauƙin da aka samu shi ne bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 don ɗaliban makarantun gwamnati: babu kuɗin ruwa a kansa, kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya. Jami'a mai zaman kanta kuwa maganar miliyoyi ce a kowace shekara, sau biyar. Uban da zai iya biyan shekarar farko kaɗai kada ya fara.

Wajen ƙarko babu wadda ta kama ƙafar wannan hanya. Mai digiri tana farawa a mataki mafi girma a tsarin albashin ma'aikatan lafiya, CONHESS, ita ce ke da hanyar kaiwa darakta, ita ce za ta wuce digiri na biyu da na uku ta koyar a jami'a. Tsofaffin shugabannin ɗakunan jinya kan yi ƙorafin cewa sabbin masu digiri kai cike, hannu sanyi: sun san sunan cutar da dalilinta, amma sai su huda hannun yaro sau uku ba su sami jijiya ba. Akwai gaskiya a ciki, sai dai giɓi ne da shekara ɗaya ta aikin dare ke cikewa.

Kwalejin jinya: ND da HND

Ita ce magajiyar tsohuwar makarantar jinya ta shekara uku da iyayenmu suka sani: a shiga, a yi wata shida na share fage, a yi jarrabawar tankaɗe, wadda ta faɗi ta koma gida, wadda ta ci a ɗaura mata hula. A 'yan shekarun nan majalisa da hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha sun mayar da makarantun kwalejoji masu ba da ƙaramar difloma, ND, da babba, HND. Ta jihar Kebbi tana Birnin Kebbi, ta Zamfara tana Gusau. Ta JAMB ake shiga, sannan kwalejin ta yi tata tantancewar. Shekara huɗu ce a jere. A ta uku ake zana jarrabawar RN, a ta huɗu a ƙara ungozoma ko lafiyar jama'a, a fita da HND da lasisi biyu, a tafi bautar ƙasa in shekaru ba su haura talatin ba.

Ki riƙe wannan da kyau: ND kaɗai ba ta mayar da ke nas ba. Wadda ta yi shekara biyu ta tsaya, don aure ko don kuɗi sun yanke, takarda ce a hannunta wadda ba ta ba ta izinin jinyar kowa. In akwai maganar aure a gida, a zauna da mijin da za a aura tun kafin a sa rana, a faɗa masa a fili cewa akwai aikin kwana, akwai turawa asibitin wani gari na makonni, akwai duba maza a ɗakin maza. Wanda ya yarda bisa sani ya fi wanda zai ce "ban san haka abin yake ba" a tsakiyar shekara ta uku.

Fa'idodinta a bayyane suke. Malamanta ba 'yan ASUU ba ne, don haka shekara huɗu ta fi kusa da zama huɗu. Tana cikin babban birnin jiha, inda mafi yawan mutane suna da ɗan'uwan da zai riƙa leƙa yarinya. Hannu yana shiga aiki da wuri, a asibitoci irin Sir Yahaya a Birnin Kebbi ko Yariman Bakura a Gusau, inda gado ba ya zama babu kowa. 'Yar jiha ta fi baƙuwa samun sauƙin kuɗi, kuma idan jiha ta tashi ɗaukar ma'aikatan jinya, 'yan kwalejinta ne a kusa. Sai dai kada a ruɗu da arahar rajista. Ƙananan kuɗaɗen ne ke karya uba: kayan sawa, na'urar awon jini, littattafai, kuɗin shigar da suna a majalisa, kuɗin jarrabawa, kuɗin lasisi. Ba sa zuwa lokaci ɗaya, kuma ba sa jiran a sayar da shinkafa.

Shiga nan ma ba wasa ba ce, masu nema sun ninka kujeru sau da yawa. Inda ake rububi irin wannan ba a rasa wanda zai zo ya ce yana da hanya, a ba shi kaza ya samo gurbi. Kada a ba kowa kuɗi sai ta hanyar biyan da makaranta ta sanar, da rasit.

Rauninta shi ne tsohon bambancin da ake nuna wa HND a aikin gwamnati. Mai difloma tana hawa, amma akwai inda za ta tsaya sai ta kawo digiri. Abin da ya sa ban ɗauki wannan da zafi ba, tsanin yana nan. Mai RN tana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu ta JAMB, ko ta yi BNSc a jami'ar karatu daga gida, NOUN, tana aiki tana karɓar albashi. Ga kuma kwasa-kwasan ƙwarewa da RN ke buɗewa: jinyar masu taɓin hankali a asibitin Kware, jinyar ido a cibiyar ido ta ƙasa da ke Kaduna, jinyar ƙashi a Dala, aikin ɗakin tiyata, sa barci kafin tiyata. A ganina, ga mafi yawan gidajen Kebbi da Zamfara, inda uba ɗaya ke ɗauke da karatun yara biyar ko shida, wannan hanya ce ta fi daidaita tsakanin abin da za a kashe da abin da za a samu.

Ungozoma zalla

Shekara uku ce, a fita da RM, kuma a yankinmu mata ake ɗauka. Buƙatarta ba sai an faɗa ba. Ki ɗauki ƙarfe biyun dare a babban asibitin wata ƙaramar hukuma: an kawo mace daga ƙauye a bayan a-kori-kura, ta kwana biyu tana naƙuda a gida, ƙafa ta kumbura, ta fara jijjiga. Likita ɗaya ne a asibitin, yana gida. Ungozoma ce za ta kwantar da ita a gefen hagu, ta auna jini ta ga ya hau, ta sa mata layin ruwa, ta ba ta allurar magnesium sulphate daidai gwargwado, ta saurari zuciyar jariri, ta yanke hukuncin a taso likita ko a wuce da ita gaba tun da sauran lokaci. Wannan hukuncin shi ake shekara uku ana koyo.

Matsalar lasisi ɗaya ce: ya ɗaure ki a ɗakin haihuwa da awon ciki da kula da jarirai. Asibitin da ke neman wadda za ta zagaya kowane ɗaki zai fifita mai RN da RM tare, kuma fita waje da RM kaɗai ya fi wuya. Da yawa sai sun koma makaranta sun ƙaro jinya. Tunda HND na ba da biyun a shekara huɗu, wadda ta sami gurbin biyu ta ɗauki na HND.

Akwai kuma shirin ungozomar karkara na shekara biyu, wanda aka tsara don yarinya ta fito daga ƙauyensu ta koma ta yi aiki can, da lasisi mai iyaka. Irin tunanin da ya haifi shirin Women for Health ke nan, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2012 zuwa 2020 a wasu jihohin Arewa har da Zamfara, ya riƙa ba 'yan matan karkara shekarar share fage don su cike kiredit. Ga matar aure a ƙauyen da ba ma'aikaciya ko ɗaya, wannan alheri ne babba. Ga mai son ta yi nisa a aikin, matakala ce ta farko kawai, kuma ta tambayi kwalejin ko tana ɗauka a bana.

Jega da Tsafe: CHEW da JCHEW

Nan ne aka fi yin kuskure. Kwalejin kimiyya da fasahar lafiya ta Jega da takwararta ta Tsafe makarantu ne na gaske, masu takarda ta gaske, amma ba nas suke yayewa ba. Jami'an lafiyar al'umma suke yayewa: ƙaramin mataki, JCHEW, shekara biyu, na sama da shi, CHEW, shekara uku, ban da sauran fannoni kamar tsaftar muhalli, gwaje-gwaje, haɗa magani da adana bayanan marasa lafiya. Hukumarsu daban ce, CHPRBN, wadda aka kafa a 1992. Tushen aikin shi ne taron Alma-Ata na 1978 da ya ce a kai lafiya matakin farko kusa da jama'a, da ƙoƙarin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti lokacin yana ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. An horar da CHEW ne don ta riƙe asibitin sha-ka-tafi inda babu likita: rigakafi, zazzabin cizon sauro, gudawa, awon ciki, auna hannun yara don gano tamowa, duk bisa littafin umarni da ke faɗa mata abin da za ta yi da lokacin da za ta tura marar lafiya gaba. Tun 2014 manufar gwamnatin tarayya ta raba ayyuka ta ƙara musu wasu, har da karɓar haihuwa ga waɗanda aka horar.

A ƙauye kowa "nas" ko "likita" zai kira ki, amma kama da wane ba ta wane. Takardar CHEW ba ta ba ki kujerar nas a asibitin tarayya, ba ta rage miki shekara ko ɗaya in kin koma jinya, kuma Ingila ko Saudiyya ba za su yi miki rajistar nas da ita ba. Tsaninta nata ne: daga JCHEW zuwa CHEW, zuwa CHO, wato babban jami'in lafiyar al'umma, da ake yi a asibitocin koyarwa, zuwa digirin lafiyar al'umma.

Shiga ta fi sauƙi, kuɗi sun fi sauƙi. Wuyar tana bayan an gama. Makarantu masu zaman kansu sun yawaita, ana yaye ɗalibai fiye da yadda ƙananan hukumomi da hukumomin lafiya matakin farko ke ɗauka, shi ya sa za ki ga mai takarda tana aikin sa-kai shekara da shekaru tana jiran a buɗe ɗaukar aiki, tana rayuwa da ɗan alawus na zagayen rigakafi. Wadda ke son aikin al'umma don kansa, wannan hanyarta ce kuma mai daraja. Wadda jinya take so ta zo nan don ba ta sami gurbi ba, za ta gama tana jin an cuce ta, alhali ba wanda ya cuce ta.

Koyo a asibitin kuɗi, da makarantun ƙetaren iyaka

Wanda ya ce zai koya miki jinya a asibitinsa ya ba ki satifiket, hannu mai araha yake nema. Majalisa ba ta san takardar ba, gwamnati ba ta ɗaukar aiki da ita, kuma ranar da aka sami matsala ke za a kama. Iya soka allura ba shi ne aikin ba. Allurar ɗuwawu da aka yi ba a gurbinta ba tana taɓa jijiya ta shanye ƙafar yaro. Yaro mai tamowa mai tsanani, irin waɗanda ke cika cibiyoyin abinci mai gina jiki a jihohin nan biyu, in aka ɗaura masa ƙarin ruwa yadda ake ɗaura wa kowa, zuciyarsa na iya kasawa. Wadda ta koya da ido ba ta san wannan ba, ruwa kawai ta ga ana sawa.

Mu da ke iyaka da Nijar da Binin kuma ana yawan kawo mana tallar makarantun Kwatano masu saurin gamawa. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Binin da Togo bayan an bankaɗo cinikin takardu. Ko daga ƙasar da ba ta da wannan tabo kika yi karatu, sai kin bi ta shirin majalisa na waɗanda suka yi karatu a waje kin ci jarrabawarta kafin ki taɓa marar lafiya a nan.

| Hanya | Shekaru | Takarda | Kuɗi | Shiga | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Digiri | 5, da 1 ta sanin makama | BNSc, RN, galibi da RM ko RPHN | Masu yawa | Mai wuya ƙwarai | Yajin aiki, yankewar kuɗi |
| Kwalejin jinya | 4 | HND, RN, da RM ko RPHN | Matsakaita | Mai wuya | Tsayawa a ND |
| Ungozoma zalla | 3 | RM | Matsakaita | Da ɗan dama | Lasisi ɗaya |
| Ungozomar karkara | 2 | Lasisi mai iyaka | Kaɗan | Da sauƙi | Ƙarancin ci gaba |
| CHEW, JCHEW | 3, 2 | Lasisin CHPRBN | Kaɗan zuwa matsakaita | Da sauƙi | Jiran aiki |
| Koyo a asibitin kuɗi | Ba ƙa'ida | Babu | Kamar araha | Kowa | Hukunci, ran mutane |

Mai tunanin fita waje

RN ce mabuɗin, ko ta jami'a ko ta kwaleji. Ingila tana neman jarrabawar Turanci, IELTS ko OET, da jarrabawar kwamfuta, da ta gwajin aiki da ake yi can. Amurka tana neman jarrabawar NCLEX. Saudiyya, wadda ta fi jan hankalin mutanenmu, tana tantance takardu ta DataFlow, a zana jarrabawar Prometric, kuma tana sa mai digiri a matsayi sama da mai difloma. Nan digiri ke biyan wahalarsa. Duk ƙasar da za ki, sai majalisa ta tabbatar musu da lasisinki, kuma ƙa'idar tana iya sauyawa: a Fabrairun 2024 ta fitar da sharaɗin aikin shekara biyu kafin tabbatarwa, ma'aikatan jinya suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas.

Kafin a biya ko sisi

Uba ya je makarantar da ƙafarsa, musamman in mai zaman kanta ce. Ya duba sunanta a jerin makarantun da majalisa ta amince da su a shafinta na intanet, kuma ya tabbatar amincewar ta shafi kwas ɗin da ake so, domin makaranta na iya samun izinin ungozoma ba ta da na jinya. Sannan ya yi wa magatakarda tambaya ɗaya: "Ranka ya daɗe, ɗalibai nawa majalisa ta ba ku izinin ɗauka a shekara, ku kuma nawa kuka ɗauka bara?" In izinin ɗari ne aka ɗauki ɗari uku, ɗari biyu ba za a shigar da sunansu a rajistar majalisa ba, abin da ake kira indeksin, kuma wadda ba a shigar da ita ba ba ta zana jarrabawa ko ta fi kowa ƙoƙari. Ya nemi wata 'yar aji uku ya tambaye ta, "Ɗiyata, an yi muku indeksin?" Amsarta ta fi ta ofis.

Ya kuma ga ɗakin kwana. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka sace a Satumban 2023 daga gidajen haya na Sabon Gida aka ɗauke su, a wajen makaranta. Ɗaki a cikin katangar makaranta, ko gidan ɗan'uwa a tsakiyar gari, ya cancanci a ƙara kuɗi a kansa. Ya tambayi garuruwan da ake tura ɗalibai aikin karkara, da wanda ke kai su.

Wa ya dace da wace

Mai shekara goma sha bakwai ko sha takwas, makin JAMB mai kyau, gidan da zai iya riƙe ta shekara shida ko bakwai ba ta kawo komai, kuma tana hangen koyarwa ko darakta ko Saudiyya: ta nemi digiri, ta sa kwalejin jiharsu a matsayin madogara.

Wadda gida ke jiran albashinta, ko ake son ta zauna kusa, ko akwai maganar aure nan da 'yan shekaru: kwalejin jinya, da sharaɗin za a kai HND. Digiri ya biyo baya da kuɗin aljihunta. Namiji ma nan na fi ba shi shawara, ya ɗora da ƙwarewa irin ta ɗakin tiyata, sa barci ko taɓin hankali, inda ake neman hannu kullum.

Wadda zuciyarta ke ɗakin haihuwa kuma gurbin ungozoma ne ya samu, ta karɓa, ta sa a ranta za ta ƙaro RN. Matar aure a ƙauye wadda ba za ta iya nisa da gida shekara huɗu ba, ta bincika shirin karkara ta hannun sashen lafiya na ƙaramar hukumarsu.

Mai son rigakafi da shiga gida-gida da riƙe ƙaramin asibitin garinsu, Jega ko Tsafe, da sanin cewa aikin gwamnati na iya jinkiri.

Wadda kuma fiziks ko kemistiri ya kayar, kada ta nemi hanyar da ba ta tambayar kiredit. Ta yi rajistar NECO ko WAEC ta masu zaman kansu da ake yi a ƙarshen shekara, ta sami malamin da zai zauna da ita kan darussan da ta faɗi, ta haɗa sakamakon biyu, ta sake JAMB. Shekara ɗaya za ta ci mata, kuma zama biyu karɓaɓɓe ne a majalisa.